Littattafai 3,000 a Bayan Jakuna: Nazarin Gudummawar da Abokai Suka Tara wa Makarantar Bahundanda

A shekarar 1998 wani Ba'amurke mai suna John Wood, wanda a lokacin yake cikin manyan ma'aikatan kamfanin Microsoft a ɓangaren kasuwanci, ya ɗauki hutu ya tafi ƙasar Nepal domin ya zaga duwatsun Annapurna da ƙafa. Hanya ce da baƙi daga Turai da Amurka suka saba bi: tana tashi daga wajen garin Besisahar, hedikwatar gundumar Lamjung, ta bi gaɓar kogin Marsyangdi tana hawa har ta kai mashigar Thorong La mai tsayin mita 5,416. Bai je da niyyar wani aikin ilimi ba. A farkon tafiyar ne ya haɗu da wani jami'in ilimi na gundumar, wanda aikinsa shi ne zagaya makarantun ƙauyuka da ƙafa yana duba abin da suka rasa, kuma shi wannan jami'i ne ya gayyace shi ya raka shi makarantar ƙauyen Bahundanda.

Abin da ya tarar, kamar yadda ya bayyana a littafin da ya wallafa a 2006, shi ne makaranta mai ɗalibai kimanin 450, da ajujuwa cike maƙil, da wani ɗaki da ake kira ɗakin karatu alhali babu littafi ko ɗaya a fili. Da ya tambaya, sai aka buɗe masa wani kabad da aka garƙame da kwaɗo, aka fito da 'yan littattafan da makarantar ta mallaka, waɗanda tsintuwa ce daga abin da matafiya suka bari: labarin soyayya na manya da Turanci, wani ƙaton littafi da Italiyanci, littafin jagorar matafiya zuwa Mongoliya, da makamantansu. Malaman sun kulle su ne saboda suna ganin darajarsu, suna tsoron kada yara su yayyaga su. Da zai tafi, shugaban makarantar ya ce masa wataƙila wata rana ya dawo musu da littattafai. Malaman kuma ba su ɓoye masa ba cewa baƙi da dama sun sha yin irin wannan alkawari a wurin, daga nan ko ƙeyarsu ba a ƙara gani ba.

An fi ba da wannan labari a matsayin tarihin mutumin da ya ajiye aiki mai tsoka ya rungumi taimakon al'umma. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne shekara guda da ke tsakanin alkawarin da cika shi, wato yadda abokai suka tara gudummawa, da yadda aka shirya kai ta, da kuma abin da ya bayyana daga baya game da kayan da aka tara. Matasa da yawa a yau suna haɗa kai su nemi kuɗi domin su ƙetare zuwa wata ƙasa su koyar da karatu ko su kai littattafai, kuma kusan duk tambayar da za su fuskanta ta riga ta taso a wannan lamari.

Halin da ƙasar take ciki

Ƙidayar jama'ar Nepal ta 2001 ta nuna cewa kimanin kashi 54 cikin 100 ne kawai na mutanen ƙasar suka iya karatu da rubutu, kuma mata sun fi maza koma baya da tazara mai yawa. Ƙasa ce mai harsuna barkatai. Ƙidayar 2011 ta lissafa harsunan uwa 123, kuma waɗanda harshen Nepali ne harshensu na gida ba su kai rabin al'umma ba, ko da yake shi ne harshen hukuma da na makarantun gwamnati. Gundumar Lamjung na cikin wuraren da 'yan ƙabilar Gurung suka fi yawa, kuma suna da nasu harshen. Ban da wannan, tun watan Fabrairun 1996 'yan tawaye masu bin aƙidar Mao suka ɗauki makamai, yaƙin da bai ƙare ba sai da aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya a watan Nuwamban 2006, bayan ya ci rayukan mutum fiye da 13,000.

Saƙo guda ɗaya

Da ya gama zagayen ya koma Katmandu, Wood ya shiga wani shagon intanet ya rubuta saƙon imel guda ɗaya, ya aika wa mutum kimanin 100 daga cikin abokansa da abokan aikinsa da 'yan'uwansa. Ya gaya musu abin da ya gani da idonsa, sannan ya nemi abu uku: wanda yake da littattafan yara ya aiko su, wanda ba shi da su ya aiko ɗan abin da ya sawwaƙa na kuɗi, kowa kuma ya tura saƙon ga waɗanda ya sani. Ya ba da adireshin gidan iyayensa a jihar Kolorado a matsayin wurin tarawa, shi kuma ya ɗauki nauyin kai kayan Nepal.

Ya kamata a tuna cewa a 1998 babu Facebook, wanda sai a 2004 aka kafa shi, babu kuma shafukan tara kuɗi da aka saba gani yanzu. Saƙon ya yaɗu ne daga hannu zuwa hannu, kuma abin da ya tafiyar da shi sanayya ce. Duk wanda ya taɓa zagayawa da takardar neman gudummawar gyaran masallacin unguwa ko rijiyar makaranta ya san cewa mutane suna fara duba fuskar mai riƙe da takardar kafin su duba abin da aka rubuta a cikinta. Waɗanda suka fara amsawa sun san Wood, sun san inda za su same shi idan kayan suka salwanta. Waɗanda aka tura wa saƙon daga baya kuma sun dogara ne ga abokin da ya tura musu. Amana ce ta bi layi, kowa yana jingina da wanda ke gabansa.

Akwai wasu abubuwa a tsarin roƙon da nake ganin su suka sa ya yi tasiri. Bai ce a taimaki ilimi a Asiya ba, bai ce a yaƙi jahilci a duniya ba. Ya ambaci makaranta guda a ƙauye guda, da yawan yaranta, da kabad ɗin da ya gani. Mutum yana iya hango wannan a zuciyarsa, ya kuma ji cewa littafi biyar da zai bayar za su rage wani abu daga giɓin. Abin da aka nema kuma bai fi ƙarfin kowa ba, domin a gidajen Amurka inda yara suka girma, littattafan ƙuruciyarsu suna nan jibge babu mai taɓa su, bayar da su ma rage wa gida kaya ne. Sannan mai roƙon ya ɗauke wa masu bayarwa ɓangaren da ya fi wuya, wato dako, ya bar musu tafiya gidan waya kawai. Abu na ƙarshe shi ne ya ɗaure kansa a gaban mutum ɗari: bayan wannan saƙo, fasa komawa Bahundanda ya zama abin kunya a idon duk wanda ya sani. Hausawa sun ce alkawari kaya ne, shi kuwa ya sa shaidu a kan nasa kayan tun kafin ya bar Katmandu.

Cikin 'yan watanni littattafai kimanin 3,000 suka taru, adadin da ya zarce abin da ya yi tsammani nesa ba kusa ba, har garejin iyayensa ya cika.

Daga gareji zuwa kan dutse

A nan ne aikin ya canza kama, kuma nan ne masu irin wannan shiri suka fi yin tuntuɓe. Murnar ganin gudummawa ta yi yawa takan rufe wa mutum ido daga cewa kowane kwali da ya ƙaru nauyi ne da za a biya kuɗin dakonsa. Takarda tana da nauyi, kamfanonin jigila kuma da kilo suke lissafi, ba su tambayar ko kayan sadaka ne. Kafin a kai ga awo ma, sai an karɓi kowane ƙunshi daga ma'aikacin gidan waya, an buɗe, an jera, an sake ɗaurewa cikin kwalayen da za su jure doguwar tafiya. Wannan wahala ta faɗa ne a kan iyayen Wood, tunda shi yana can wata nahiya a bakin aikinsa. Ba kasafai ake lissafa irin wannan hidima cikin gudummawa ba, amma da ba don dattawa biyu da suka ba da gidansu da lokacinsu ba, da saƙon ya tsaya a kyakkyawar niyya.

Nepal ba ta da gaɓar teku. Tana tsakanin Indiya da Sin ne, don haka kaya daga Amurka ko dai su sauka ta jirgin sama a Katmandu, ko su bi teku zuwa tashar Kolkata a Indiya sannan a ɗauko su ta mota zuwa iyakar Birgunj. Ko ta ina suka bi, sai sun tsaya a hannun jami'an kwastan, kuma cewa kaya kyauta ce ba ya fitar da su. Ana bukatar wata ƙungiya ta cikin gida da hukuma ta sani wadda za ta tsaya musu, ta bi takardu daga ofis zuwa ofis. Baƙon da ke da hutun mako biyu ko uku ba zai iya wannan ba. Mafita ta zo ne ta hanyar ƙungiyar taimakon al'umma ta Lions Club, reshen Katmandu, inda wani membanta mai suna Dinesh Shrestha ya karɓi ragamar abin da ya shafi cikin ƙasa. Da ɗan gari akan ci gari, kuma a wannan lamari ɗan garin bai tsaya a matsayin mai rakiya ba, domin shi ne daga baya ya zama ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa ƙungiyar da ta fito daga wannan tafiya.

Sai kuma lokaci da hanya. Daga watan Yuni zuwa Satumba damina ce mai ƙarfi a Nepal, ƙasa tana zaftarewa a kan duwatsu, hanyoyi suna yankewa, ruwa kuma babban maƙiyin takarda ne. A wancan zamani mota ba ta isa Bahundanda, dole inda titi ya ƙare a sauke kaya a ɗora wa dabbobi. A 1999 Wood ya koma tare da mahaifinsa, wanda ya haura shekara 70, aka ɗaure kwalayen a bayan ayarin jakuna aka hau da su. Mutanen ƙauyen suka tarbe su da sarƙoƙin furanni kamar yadda al'adar wurin take, kuma da yake littattafan sun fi bukatar makaranta ɗaya, wasu makarantun ma sun samu rabo.

Idan aka tsaya a nan, nasara ce cikakkiya: an yi alkawari, an cika. Kafin shekarar ta ƙare Wood ya ajiye aikinsa a Microsoft, inda a lokacin yake kula da bunƙasa kasuwancin kamfanin a yankin Sin. A 2000 shi da Dinesh Shrestha suka kafa ƙungiya mai suna Books for Nepal, a 2001 kuma Erin Ganju, ta uku cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, ta jagoranci faɗaɗa aikin zuwa Biyetnam, aka sauya sunan zuwa Room to Read, mai hedikwata a San Faransisko.

Abin da ke cikin kwalayen

Littattafan nan 3,000 na Turanci ne. Ba zai yiwu su zama wani abu daban ba, domin abin da ke gidajen masu bayarwa ke nan. Wannan shi ne batun da nake ganin ya fi kowanne muhimmanci a lamarin: idan aka nemi gudummawar kaya maimakon kuɗi, gudummawar takan zo da siffar gidan mai bayarwa, ba da siffar bukatar mai karɓa ba. Babu wanda ya yi kuskure da gangan, kowa ya miƙa abin da yake da shi da zuciya ɗaya.

Mu dubi abin daga wurin yaro ɗan aji ɗaya a wani ƙauyen Lamjung. Mai yiwuwa da harshen Gurung mahaifiyarsa take yi masa magana. A makaranta da Nepali ake koyar da shi, harshen da ake rubutawa da baƙaƙen Devanagari. Littafin da ya sauko daga bayan jaki kuwa da Turanci yake, cikin baƙaƙen boko, yana ba da labarin yaran da ke shiga motar makaranta a ƙofar gida, suna bin iyayensu manyan kantuna, suna bukukuwan da bai taɓa jin sunansu ba. Zai kalli hotunan, zai ji daɗinsu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda bai taɓa riƙe littafi mai launi ba. Amma ba da shi zai koyi haɗa baƙi ba. Yaro yana saurin kama karatu ne idan kalmar da ya haɗa ta fito masa da ma'anar da ya riga ya sani a kunnensa. Idan ya sha wahalar haɗa haruffa ya furta kalmar da ba ta nufin komai a wurinsa, wahalar ta tafi babu lada, sha'awar kuma ta fara dushewa.

Adalci ne a ce Turanci yana da daraja ta gaske a wannan yanki. Darasi ne a makaranta, shi ne harshen hulɗa da masu yawon buɗe ido da ke bin hanyar Annapurna, kuma 'yan Gurung sun daɗe suna cikin waɗanda aka fi ɗauka aikin sojan Gurkha a rundunar Birtaniya da ta Indiya. Malamai da ɗaliban manyan ajujuwa sun sami abin amfani a kwalayen, kuma iyaye a wurare irin wannan sukan ɗauki Turanci a matsayin tsanin da zai fitar da ɗansu daga talauci. Don haka ba na cewa an kai kayan banza. Abin da nake cewa shi ne an kai kayan hawa na uku ga yaran da yawancinsu ba su taka matakin farko ba.

Abin yabo ga ƙungiyar shi ne ta gane wannan da wuri ta kuma gyara. Da ma'aikatanta suka juya kasuwa domin sayen littattafan yara na harsunan gida, sai suka tarar ba su da yawa, a Nepal, haka ma a Kambodiya da Lawos inda aikin ya kai daga baya. Dalilin a fili yake: iyayen da ke fama da abin kaiwa bakin salati ba sa sayen littafin hotuna, masu maɗaba'a kuma ba sa buga abin da ba shi da masu saye, marubuta da masu zane su ma ba sa ɓata lokaci a kan abin da ba za a buga ba. A 2003 ƙungiyar ta fara buga littattafanta da kanta a Nepal, tana nemo marubuta da masu zane 'yan ƙasa, tana shirya musu bita, tana kuma bugawa a cikin ƙasar. Ƙungiyar ta sha faɗa wa masu ba ta gudummawa cewa kimanin dala 1 ta isa a buga kwafi guda. A 2011 hukumar UNESCO ta ba ta lambar yabo ta Confucius kan yaƙi da jahilci saboda wannan shiri na wallafa da harsunan gida.

Mai karatu Bahaushe ba zai ji wannan a matsayin baƙon labari ba. A Zariya ma an taɓa tarar da cewa an koya wa mutane karatun boko amma babu abin karantawa da harshensu, shi ya sa hukumar talifi ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa a 1933, aka kuma fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Matsalar iri ɗaya ce, maganin ma iri ɗaya: a sa masu harshen su rubuta.

Komawa ga kwaɗon

Ina so in koma ga kabad ɗin da aka kulle, domin ina ganin tun ranar farko ya faɗi abin da ya ɗauki shekaru kafin a fahimta. Malaman Bahundanda ba mugunta ce ta sa suka kulle littattafai ba. Abin da ba a iya maye gurbinsa dole a tsare shi. Littafin da ya ƙetare teku ya hau dutse a bayan jaki, idan ya yage ya tafi ke nan, kuma malamin da aka damƙa wa amanarsa yana tsoron ranar da baƙon zai dawo ya tarar da shi a lalace. Ƙaruwar littattafai kaɗai ba ta cire wannan tsoro, tana iya ma ƙara girman kabad ɗin ne kawai. Abin da ke cire shi shi ne malami ya san cewa littafin yana da araha, ana buga shi a ƙasarsa, wani zai zo a madadinsa, kuma waɗanda suka kawo shi sun fi son su gan shi ya tsufa a hannun yara a kan su gan shi sabo fil a kulle.

Tsarin da ƙungiyar ta koma a kai daga baya ya tafi a kan wannan fahimta. Ana horar da malami ya kula da ɗakin karatu, ana ware lokacin shiga ɗakin a jadawalin darussa, ana ba yara aron littafi su kai gida, ana rarraba littattafan mataki-mataki da alamar launi domin yaro ya ɗauki daidai ƙarfinsa, ma'aikata kuma suna ci gaba da ziyartar makarantar na wasu shekaru kafin a bar ta ta tsaya da ƙafarta. Bayan wannan ma sai aka sake gano wani giɓin, cewa yara da yawa a ƙananan ajujuwa ba su iya karanta ko da littafin harshensu ba, saboda haka aka ƙara da horar da malaman aji ɗaya da aji biyu kan dabarun koyar da karatu. Kowane gyara a cikin waɗannan ya matsar da aikin nesa da kwalin da aka aiko daga waje, ya matsar da shi kusa da malamin da ke tsaye a gaban allo.

Haka nan aka shimfiɗa sharaɗin cewa duk garin da ke son a gina masa makaranta ko ɗakin karatu sai ya kawo nasa kason, ko fili, ko kayan gini, ko aikin gayya. Wood ya sha ambaton Andrew Carnegie, attajirin da ya ba da kuɗin gina ɗakunan karatu fiye da 2,500 tsakanin 1883 da 1929, wanda shi ma ba ya bayarwa sai gari ya samar da fili ya kuma yi alkawarin ware kashi 10 cikin 100 na kuɗin ginin duk shekara domin gudanarwa. Mutanen da suka ɗauko yashi da duwatsu a kansu suka haura da su ba sa barin ginin ya zube suna kallo.

Ina abokan suka tsaya?

Tambayar da ta fi shafar matasan da ke shirin irin wannan tafiya ita ce ko zuwan da kansa ya zama dole. Kuɗin jirgin mutum biyu daga wancan ɓangaren duniya ba kaɗan ba ne, kuma Dinesh Shrestha da abokansa suna iya kai kwalayen ba tare da baƙi ba. Duk da haka ina ganin tafiyar 1999 ta cancanci kuɗinta. Malaman da suka gaji da alkawuran matafiya suna bukatar su ga fuskar da ta yi alkawarin ta dawo. Waɗanda suka bayar suna bukatar wanda zai ce musu na gani da idona an raba. Shi kansa Wood kuma a wannan zuwa na biyu ne ya ga cewa bukatar ta wuce ƙauye ɗaya. Gani ya kori ji, kuma ba na jin za a sami abin da ya biyo baya ba tare da shi ba.

Amma abin lura shi ne ƙungiyar da tafiya ta haifa ba ta gina aikinta a kan tafiye-tafiyen 'yan sa-kai ba. Ofisoshinta na ƙasashen da take aiki 'yan ƙasa ne ke riƙe da su, su ne masu horar da malamai da masu zagaya makarantu. Abokan da ke son taimakawa kuwa an ba su aiki a inda suke zaune: suka kafa rassa a birane irin su Landan da Hong Kong da Tokyo da Sidni, suna shirya taruka da liyafar cin abinci suna tara kuɗi, wato suna maimaita abin da saƙon 1998 ya yi, sai dai yanzu kuɗi ake nema ba tsofaffin littattafai ba. Hikimar wannan ta fito fili da yaƙin Nepal ya tsananta, musamman bayan dokar ta-ɓaci da aka kafa a watan Nuwamban 2001, lokacin da zirga-zirgar baƙi a karkara ta zama mai haɗari. Shirin da ya dogara ga zuwan baƙo duk shekara da ya tsaya cik. Wanda ke hannun 'yan ƙasa ya ci gaba. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba.

Akwai kuma abin da ya kamata mai nazari ya riƙe a ransa: kusan duk abin da duniya ta sani game da ranar farko a Bahundanda daga bakin baƙon ya fito. Shi ya rubuta littafi, shi aka gayyata ya yi jawabi a manyan taruka. Jami'in ilimin da ya yi gayyatar da shugaban makarantar da ya furta bukatar sun bayyana ne a cikin labarin wani, alhali su ne suka fara komai. Wood bai je ya ƙirƙiro wa ƙauyen matsala ba, masu ɗakin ne suka nuna masa inda yake yoyo, kuma ina ganin wannan ya bambanta lamarin da tafiye-tafiye da yawa da ake fara tara musu kuɗi tun kafin a san wanda ya nemi a zo. Abin da ya rage a 1998 shi ne tambaya ta biyu, wadda sai ma'aikata 'yan ƙasa suka zauna da malamai da yara na tsawon lokaci sannan ta sami amsa: wane irin littafi, da wane harshe, ga ɗan aji nawa.

A 2010, shekara 12 bayan an buɗe wa baƙo wancan kabad, ƙungiyar ta buɗe ɗakin karatunta na 10,000, kuma a Nepal aka yi bikin. Zuwa lokacin aikin ya kai Indiya da Sirilanka da Bangaladash da Afirka ta Kudu da Zambiya. A ɗakunan karatun Nepal har yanzu akwai littattafan Turanci, amma a gefensu akwai na harshen Nepali da marubutan ƙasar suka rubuta, masu zanenta suka zana, an jera su a fili inda hannun ɗan aji ɗaya zai kai.